Ina ake sa kalmar DEFAULT idan ana raba tebur? Amsa ga mai ƙaura daga Oracle zuwa PostgreSQL

"Malam, barka da aiki. Muna kwashe rumbun bayananmu daga Oracle zuwa PostgreSQL. Teburin cinikinmu a rabe yake jiha-jiha, kuma akwai ɓangare ɗaya da ke karɓar duk layin da bai faɗa ko'ina ba, wanda a Oracle muke rubuta masa VALUES (DEFAULT). Na rubuta FOR VALUES IN (DEFAULT) a PostgreSQL, ya ƙi. Da na sa wa kalmar alamar zance, wato 'DEFAULT', sai ya karɓa, amma har yanzu wasu layuka suna ƙin shiga. Mene ne daidai, kuma me ya sa biyun suka bambanta? Sannan ina rubuta wata ƙaramar manhaja da za ta riƙa fitar mana da waɗannan umarnin. Wane tsari zan bi don kada abokan aiki su ruɗe?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a haɗe: yadda ake rubuta umarnin, dalilin da ya sa aka zaɓi wannan siffa, da kuma yadda za ka tsara taka manhajar. Bari in fara da gyaran, tunda shi ne na gaggawa. Zan riƙa kiran wannan ɓangare "ɓangaren saura", domin aikinsa ke nan, kwashe abin da ya saura.

A PostgreSQL haka ake yi:

CREATE TABLE ciniki_saura PARTITION OF ciniki DEFAULT;

Idan kuma teburin yana nan tun da, kana so ka manna shi ne kawai:

ALTER TABLE ciniki ATTACH PARTITION ciniki_saura DEFAULT;

Ka lura babu FOR VALUES ko kaɗan. Kalmar DEFAULT ita ce ta maye gurbin wannan gaɓar gaba ɗaya. Wannan ya zo ne a PostgreSQL 11, wanda aka saki a Oktoba 2018. Na 10, na 2017, shi ya fara kawo rabon tebur da umarnin PARTITION BY, amma ba shi da ɓangaren saura, duk layin da bai dace da wani ɓangare ba sai a kore shi.

Abin da ya same ka da alamar zance kuwa, shi ne ainihin haɗarin. Da ka rubuta FOR VALUES IN ('DEFAULT'), PostgreSQL bai ga laifi ba, domin ginshiƙin jiha rubutu ne, kuma ka ba shi rubutu. Ya gina maka ɓangare na musamman domin wata jiha mai suna DEFAULT, haruffa bakwai, wadda babu ita a duniya. Shi ya sa layin Jigawa ko na Gombe yake ta dawo maka da saƙon nan: no partition of relation "ciniki" found for row. Ka tabbatar babu komai a cikin wannan ɓangare, ka sauke shi da DROP TABLE, ka gina na gaskiya. Bayan haka ka buga \d+ ciniki a psql, manhajar buga umarni ta PostgreSQL. A jerin ɓangarori za ka ga ciniki_saura da DEFAULT a gabansa tsirara, babu baka, babu alamar zance. In ka ga FOR VALUES IN a gaban sunan, da sauran gyara.

Me ya sa ba a sa ta cikin baka ba

Duk sauran ɓangarori suna da iyaka wadda za ka iya karantawa a jikin umarninsu. Na Kano ya ce FOR VALUES IN ('Kano'), ka san abin da ke ciki ko ba ka ga sauran ba. Ɓangaren saura ba shi da iyakar kansa. Iyakarsa ita ce "duk abin da 'yan'uwana ba su ɗauka ba", don haka duk ranar da ka ƙara ɓangare iyakarsa ta matse, duk ranar da ka cire ɗaya ta buɗe. Kana iya gani da idonka: ka buga \d+ ciniki_saura, ka duba layin Partition constraint. Za ka ga NOT a farko, sai jerin jihohin da sauran ɓangarori suka riƙe. Ka ƙara Katsina ka sake bugawa, za ka ga Katsina ta shiga jerin, alhali ba ka taɓa ciniki_saura ba.

To abin da haka yake, idan aka cusa shi cikin jerin ƙimomi, an yi masa rigar da ba tasa ba. Matsaloli uku ne suke fitowa, kuma ba girmansu ɗaya ba.

Babbar ita ce kalmar DEFAULT tana da tsohuwar ma'ana a SQL. Idan ka ce jiha text DEFAULT 'Kano', kana nufin ƙimar da za a sa idan ba a bayar da komai ba. Idan ka ce INSERT INTO ... VALUES (DEFAULT), kana nufin a ɗauko waccan ƙimar. To mutumin da ya saba da wannan, ya zo ya ga FOR VALUES IN (DEFAULT), ba shi da laifi in ya fahimci cewa ɓangaren na 'yan Kano ne. Haruffa iri ɗaya, baka iri ɗaya, ma'ana daban. Masu Oracle sun saba, shi ya sa ba sa gani, amma sabon yaro a ofis yana gani.

Ta biyu ita ce wadda ta kama ka: tsakanin daidai da kuskure babu komai sai alamar zance guda biyu, kuma kuskuren ba ya ihu. Umarni mai kyau shi ne wanda idan hannunka ya zame, na'ura za ta ƙi nan take. Ka rubuta PARTITION OF ciniki 'DEFAULT' ka gani, kuskuren nahawu ne, ba za ka wuce ba.

Ta uku ƙarama ce. Da zarar kalmar ta shiga jeri, wani zai tambaya ko an yarda a ce IN ('Kano', DEFAULT), sai an ƙirƙiro doka ta hana ko ta fassara. Ga kuma rabon da ake yi da zango, wato RANGE, wanda siffarsa FROM da TO ce, babu IN a ciki. Ina za a sa kalmar a nan? DEFAULT tsirara tana aiki iri ɗaya ga LIST (rabon jerin ƙimomi, irin na jihohinka) da RANGE, ba sai an koyi siffa biyu ba.

Ba na cewa siffar PostgreSQL ba ta da tabo. Ana iya rubuta wannan, kuma daidai ne:

CREATE TABLE ciniki_saura PARTITION OF ciniki (adadi DEFAULT 0) DEFAULT;

DEFAULT na farko na ginshiƙi ne, na biyu na ɓangare ne. Haka kuma idan ka so raba ɓangaren saura shi ma, sai ka ce PARTITION OF ciniki DEFAULT PARTITION BY RANGE (rana), inda kalmomin DEFAULT da PARTITION suka yi maƙwabtaka amma kowace da gidanta. Da son raina ne da an yi amfani da kalma mai ma'anar "saura". Sai dai DEFAULT kalma ce da SQL ya riga ya keɓe, babu teburin kowa da za ta yi karo da sunansa, kuma Oracle ya riga ya sabar da mutane da ita a wannan aiki. MariaDB ma hanyar tsirara ta bi tun 10.2: a rabon LIST ana cewa PARTITION p_saura DEFAULT. MySQL kuwa ba shi da ɓangaren saura a LIST, ƙimar da ba ta cikin jeri sai dai a kore ta.

MAXVALUE wani abu ne daban

Tunda daga Oracle kake, akwai wani wurin da za ka yi tuntuɓe. A can, teburin da aka raba da RANGE ba ya amfani da DEFAULT, ana rufe shi ne da VALUES LESS THAN (MAXVALUE). Mutane da yawa suna fassara wannan zuwa FROM ('2025-01-01') TO (MAXVALUE) a PostgreSQL suna zaton sun gama. Ba su gama ba.

A Oracle kowane ɓangare yana faɗar iyakarsa ta sama ne kawai, ta ƙasa kuma ta wanda ya gabace shi ce. Don haka babu rami a tsakani, kuma ɓangaren farko yana kwashe duk abin da ya yi ƙasa. A PostgreSQL kai ne kake faɗar iyaka biyu, FROM yana ciki, TO ba ya ciki, kuma ba a hana ka barin rami ba. Dubi wannan:

CREATE TABLE shiga_2024_01 PARTITION OF shiga FOR VALUES FROM ('2024-01-01') TO ('2024-01-31');

Ido ya ce Janairu ce cikakkiya. Amma ranar 31 ba ta ciki, ya kamata TO ya zama '2024-02-01'. Idan babu ɓangaren saura, da zarar ranar 31 ga wata ta shiga komai zai tsaya, a kira ka, ka gyara. Idan akwai shi, cinikin yini guda zai zube a can shiru, ba wanda zai sani sai ranar da aka sauke ɓangaren Janairu domin ajiya aka ga lissafi bai cika ba. MAXVALUE ba ya kama irin wannan rami, wutsiyar sama kaɗai yake kamawa.

Sai maganar NULL, wato rashin ƙima, wadda kowane rumbu da nasa hali. Oracle yana jefa layin da mabuɗinsa NULL ne a ɓangaren MAXVALUE. MySQL yana ɗaukar NULL ƙasa da kowace ƙima, sai ya kai shi ɓangaren farko. PostgreSQL ba ya sa shi a kowane zango, ko da ka rufe daga MINVALUE zuwa MAXVALUE. Ɓangaren saura kaɗai ke karɓar sa. A rabon LIST kana iya ba NULL gidansa da FOR VALUES IN (NULL), in ba ka ba shi ba ya tafi saura. Ka kuma tuna Oracle yana ɗaukar rubutu wayam, wato '', a matsayin NULL, PostgreSQL kuwa ya bambanta su. In manhajarku ta saba aika '' idan ba a cike jiha ba, waɗannan layukan ba za su je gidan NULL ba, saura za su tafi. Haka 'kano' da ƙaramin harafi, haka 'Kano ' mai guntun fili a ƙarshe idan ginshiƙin text ne.

Rabon HASH, wanda ke rarraba layuka ta hanyar lissafi a kan mabuɗi, shi ba ya karɓar ɓangaren saura sam, PostgreSQL zai ƙi. Dalilin a fili yake: kowane layi yana da ragowar lissafinsa, idan ka gina dukkan ɓangarorin babu abin da zai saura.

Kuɗin da ake biya daga baya

Umarnin gajere ne, amma yana ɗora maka nauyi a duk ranar da za ka ƙara ɓangare. A ce layukan Jigawa sun taru a ciniki_saura, yanzu kana so ka ba Jigawa nata. Ka ce CREATE TABLE ciniki_jigawa PARTITION OF ciniki FOR VALUES IN ('Jigawa'). PostgreSQL zai kulle ɓangaren saura da kulle mafi tsanani, ACCESS EXCLUSIVE, wanda ke hana karatu da rubutu, ya bi shi layi-layi yana neman Jigawa. Ya samu ko ɗaya, sai ya ce: updated partition constraint for default partition "ciniki_saura" would be violated by some row. Ba zai kwashe maka su ba. A Oracle ka saba ba a ma barin ka ka ce ADD PARTITION idan akwai DEFAULT, kuskuren ORA-14323 za ka samu, sai dai SPLIT PARTITION, wanda shi yake raba layukan da kansa. An shigar da irin wannan umarni lokacin da ake shirya PostgreSQL 17, aka janye shi kafin a saki, don haka a 17 da na ƙasa da shi da hannu za ka yi.

Ga yadda nake tsara shi, duk a zama ɗaya:

BEGIN;
LOCK TABLE ciniki_saura IN ACCESS EXCLUSIVE MODE;
CREATE TABLE ciniki_jigawa (LIKE ciniki INCLUDING DEFAULTS INCLUDING CONSTRAINTS);
WITH kwashe AS (DELETE FROM ciniki_saura WHERE jiha = 'Jigawa' RETURNING *) INSERT INTO ciniki_jigawa SELECT * FROM kwashe;
ALTER TABLE ciniki ATTACH PARTITION ciniki_jigawa FOR VALUES IN ('Jigawa');
COMMIT;

Kullen farko yana da dalili. In babu shi, tsakanin DELETE da ATTACH wani zai iya shigo da sabon layin Jigawa, sai mannawar ta faɗi, aikin ya koma baya gaba ɗaya. Na zaɓi gina teburin a waje sannan a manna shi domin tun PostgreSQL 12 ATTACH PARTITION yana ɗaukar kulle mai sauƙi a kan uwar tebur, SHARE UPDATE EXCLUSIVE, alhali CREATE TABLE ... PARTITION OF yana rufe uwar gaba ɗaya. Amma kada wannan ya ruɗe ka: duk tambayar da ba ta faɗi jiha ba tana buƙatar leƙa saura, za ta tsaya jira har COMMIT. Kafin ka taɓa DELETE ɗin nan kuma, ka duba ko akwai wani tebur da ke nuni ga ciniki da FOREIGN KEY. Idan da ON DELETE CASCADE, gogewar za ta tafi da 'ya'yan layukan, kuma sake shigar da iyayen ba zai dawo da su ba. Haka TRIGGER na gogewa, zai tashi kamar da gaske aka goge.

Idan saura ya yi girma kuma ka san babu ƙimar a cikinsa, akwai hanyar kauce wa dogon bincike a ƙarƙashin kulle. Ka sa masa sharaɗi tukuna, CHECK (jiha <> 'Jigawa') NOT VALID, sannan ka ce VALIDATE CONSTRAINT, wanda yake bin layukan ba tare da hana karatu da rubutu ba. Lokacin ATTACH, PostgreSQL zai ga sharaɗin ya wadatar, ya tsallake binciken. In an gama ka cire sharaɗin. Sai dai tsakanin sa sharaɗi da mannawa, sabon layin Jigawa ba shi da wurin shiga, za a kore shi, don haka ka gajarta wannan tazara.

Akwai wani kuɗin da mutane ba sa lissafawa. PostgreSQL 14 ya kawo DETACH PARTITION ... CONCURRENTLY, hanyar cire tsohon ɓangare ba tare da tsayar da aiki ba. Ba a yarda da ita ba idan teburin yana da ɓangaren saura. Ga teburin da ake raba wa wata-wata ana zubar da tsofaffi, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani.

Ra'ayina a kan teburinka: na jihohi ya cancanci ɓangaren saura, tunda ƙimomin daga hannun mutane suke fitowa, kuma gara layi ya shiga wurin da za a same shi da a ce ciniki ya ɓace. Amma ka ɗauke shi wurin tsare baƙo na kwana ɗaya. Ka sa aikin da zai riƙa ƙirga shi kullum, SELECT jiha, count(*) FROM ciniki_saura GROUP BY jiha, ya aiko da saƙo in adadin ya wuce sifiri. Jihohi 36 ne da Abuja, jerin ba ya canzawa kullum, don haka tebur na jihohi da FOREIGN KEY zai tare 'kano' da 'Kano ' tun a ƙofa. Na kwanan wata kuwa na fi son a bar shi babu saura, a riƙa gina ɓangarorin watanni uku masu zuwa tun kafin lokaci. Masu amfani da pg_partman, ƙarin manhajar da ke kula da ɓangarori a PostgreSQL, suna da check_default() domin wannan sa ido. Tsawon lokacin da kullen zai ɗauka a wurinka ya dogara ga yawan layukan da suka taru da ƙarfin faifanku, ka gwada a kan kwafin rumbun ka auna kafin ka taɓa na aiki.

Ita kuma manhajarka

Darasin da ke cikin zaɓin PostgreSQL shi za ka ɗauka kai tsaye. A fayil ɗin da abokan aikinka za su riƙa cikewa, kada "saura" ta zama ɗaya daga cikin ƙimomi. In ka bari a rubuta jihohi: [Kano, Katsina, DEFAULT], ka dawo da ramin da ka faɗa, domin manhajarka za ta sa wa kowace ƙima alamar zance, har da ta ukun. Ka ba shi filinsa daban, kamar saura: true, kuma manhajar ta ƙi duk ɓangaren da ya zo da filin saura da jerin ƙimomi a lokaci ɗaya. Ta ƙi saura biyu a tebur ɗaya. Ta ƙi saura a rabon HASH. Rumbun ma zai ƙi waɗannan biyun na ƙarshe, amma gara a ji daga manhajarka tun ana rubutu da a ji a tsakiyar ƙaura. Idan wani ya sa kalmar default a jerin ƙimomi, da babban harafi ko ƙarami, ta tsaya ta tambaye shi ko saura yake nufi.

A ciki, ka riƙe ma'anar, ka bar siffa ga mai fitar da umarni na kowane rumbu: Oracle ya sami VALUES (DEFAULT), PostgreSQL ya sami DEFAULT tsirara. Kada ka bari ta juya MAXVALUE na Oracle zuwa abu ɗaya a ɓoye. Zai iya zama TO (MAXVALUE), zai iya zama DEFAULT, kuma sakamakonsu ya bambanta. Da TO (MAXVALUE) ba za ka iya ƙara wata mai zuwa ba sai ka cire wannan ɓangaren, domin zangonsu zai haɗu, kuma NULL ba shi da gida. Da DEFAULT za ka iya ƙarawa muddin babu layin watan a ciki. Wannan zaɓi ne da mutum zai yi da saninsa, manhaja ta tambaya.

Suna ma yana taimako. Ka sa doka cewa kowane irin wannan ɓangare sunansa ya ƙare da _saura ko _default, a zaɓi ɗaya tak daga cikinsu a yi amfani da shi a duk rumbun. Amma idan manhajar za ta binciki rumbu don ta san wane ne ɓangaren saura, kada ta dogara da suna. Ta duba pg_partitioned_table, ginshiƙin partdefid yana ɗauke da lambar ɓangaren saura, sifiri kuma in babu. Ko ta kira pg_get_expr(relpartbound, oid) a kan pg_class, wanda zai dawo da DEFAULT ga na gaskiya, ya dawo da FOR VALUES IN ('DEFAULT') ga irin wanda ka gina da farko. Wannan tambayar ce ma zan ce ka fara gudanarwa a kan dukkan teburan da kuka riga kuka kwashe, tunda mai yiwuwa ba ciniki kaɗai aka yi wa haka ba.